Kanwa a Ƙullin Magani

Kara-Kara, Damagaram
Farkon watan Yuni, 2005

Zuwa ga Sani ɗan Goggo, a Gouna.

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya, kai da Shatu da yara. Yaya haƙuri da wannan shekara? Ni na sauka lafiya ranar Talata, an samu mace, kuma daga ni har ita ba abin da ke damun mu. Gaisuwa ta ƙare nan, don abin da ke raina ba zai jira ba.

Wa ya ba ka izinin ɗauke Goggo Jummai daga gidana ina kan gwiwa? Na dawo daga wurin haihuwa na tarar da tabarmarta a naɗe. Wai ka ce wa maigidana ita ta matsa. Uwarka ce, ban musa ba, amma ni ta goya tun ranar da tawa uwar ta rasu, a bayanta na yi wayo. Matar da ko yawu ba ta haɗiyewa sai ta dafe ƙirji, ita ka ɗora a mota ka mayar ƙauyen da yunwa ta sa ake cin anza, 'ya'yan dajin nan masu ɗaci?

Tunda ba ka tsaya ka ji bayanin lokotoron asibiti ba, to buɗe kunnenka. Ciwon nan ba sammu ba ne, ba kuma tsufa ba. Wata farar funfuna ce, irin wadda ke fitowa a harshen jarirai, ita tata ta gangara cikin maƙoshi ta lulluɓe hanyar abinci. Ciwon sukarinta da yunwar bana ne suka buɗe mata ƙofa. Maganin da ake fara bayarwa sunansa fulukonazol, da shi ne da tuni ta warke. Amma da lokotoro ya ga kwalayen da ke cikin jakarta sai ya dafe kai. Ashe tun bara kake saya mata shi wurin mai keken nan na kasuwarku, ta sha biyu ko uku, in ta ji sauƙi ku ajiye. To ga abin da ka girba: ciwon ya saba da shi, yanzu ko buhu ta sha ba zai ji ba.

Ya rubuta wani, itarakonazol. Babu shi a farmasin garin nan, sai da aka aiko daga Yamai. Shi wannan yana da sharaɗi. Ba a shan sa ciki wayam: ta fara cin abu mai ɗan maiƙo, sannan ta kora shi da abu mai tsami, kamar kunun tsamiya marar sukari. Kullum, har ya ƙare, ko da ta rantse ta warke. In wannan ya kasa, abin da ya rage na ƙarin ruwa ne ta jijiya, kuma lokotoro ya ce ba ya so a kai can, don yana taɓa ƙoda, ga ta tsohuwa, ga rama.

Na ba Mutari direba gero, man gyaɗa, tsamiya da ƙullin maganin. Na Goggo ne. Ni ba ni da fita sai na yi arba'in, in ba haka ba da ƙafata zan zo in ɗauke ta. Wannan ba wasan taubasantaka ba ne, Sani.

Lubabatu

Gouna
Tsakiyar Yuni

Zuwa ga Lubabatu 'yar Kawu.

Wa alaikumus salam. Barka da sauka, Allah ya raya, ya sa ta ɗauko halin ubanta, kada ta ɗauko bakin uwarta. Mu muna nan yadda Allah ya ajiye mu. Shatu tana gaishe ki.

Kin tambayi wanda ya ba ni izini. Inna ce. Ranar da naƙuda ta kama ki, Inna ta sa aka kira ni ta ce, "Ni ya kamata in dafa wa Luba ruwan wanka, in dama mata kunu. Tunda ba zan iya ba, ba zan kwanta a ɗakin mai jego ina tofar da yawu a gwangwani ba." Kin san ta. In ta ce gabas, ko sarkin Damagaram ba ya juya ta yamma. Da na ƙi kawo ta, da ƙafa za ta kamo hanya.

Zancen mai keke kuma, na ji. Ke da kike zaune inda farmasi ke kallon farmasi, kina iya zaɓe. Ni na je disfansa sau nawa majo, mai ba da magani a can, yana nuna mini kanta wayam. Uwata tana kuka ba ta iya haɗiye ruwa, ga mutum da magani a bayan keke, sai in ce masa ya wuce ina jiran metires, malamar makaranta, ta rubuto daga birni? Ba wanda ya taɓa gaya mini cewa ciwo yana sabawa da magani kamar jaki da bulala.

Kin ce kada ta sha ciki wayam. Na yi dariya, 'yar Kawu, don a Gouna yau babu cikin da ba wayam ba. Fara ta cinye na bara, fari ya ƙone abin da ta rage. Rumbuna tun sanyi kaji suke kwana a ciki, yanzu kajin ma babu. Rabin mazan gari sun tafi bida, neman abinci a wasu garuruwa, sauran muna kallon sama. Mata tun asuba suke daji neman anza da tafasa, sai an jiƙa an zubar, an sake jiƙawa, kafin ɗacin ya bari a kai baki. Wannan ita ce ƙasar da kika aiko wa sharaɗin maiƙo.

Amma kaya sun iso, Allah ya saka. Kwantar da hankalinki, muna ba ta maganin da mahaɗinsa yadda kika aiko. Ranar farko tsamin ya sa ta hawaye, ta ce kamar an zuba mata barkono a gyambo. Da Shatu ta gane yadda ake haɗawa, yanzu yana wucewa ba kuka. Sauƙi dai ba mu gani ba tukuna.

Sani

Kara-Kara
Ƙarshen Yuni

Sani,

Bayan sallama, muna lafiya, jaririya ta ci sunan Goggo, muna ce mata Wasila. Ina fata yara lafiya. Daga abin da na ji ma lafiyarsu ƙalau.

Mutari ya dawo jiya, ya tsaya a ƙofar ɗakina ya kasa haɗa ido da ni. Sai da na matsa ya ce Goggo ta koma kamar kara, muryarta ma ba ta fita. Na tura maigidana wurin lokotoro da wannan labari. Ya ce ba haka ya kamata ba, in har ana shan maganin kullum, da abinci, da tsami, ya ci a ce ta fara haɗiye koko. Ya ce ɗayan biyu ne: ko ba ta sha, ko ba ta ci.

Ka rubuto da hannunka cewa tana sha da mahaɗinsa, wato tsamiyar tana shiga. Saura abincin. Na tambayi Mutari abin da ya gani a tsakar gidanka, ya ce ya ga 'yarka Kulu da ƙannenta sun kewaye ƙwarya suna lasa, bakinsu yana ƙyalli da mai.

Ban ce yunwa wasa ce ba. Da ka rubuto ka ce, "Lubabatu, 'ya'yana za su mutu," da na san abin da zan saida in aiko. Amma ka ɗauki abincin marar lafiya, wanda shi ne ƙafar da maganin zai taka, ka raba wa masu lafiya, sannan ka cika mini takarda da labarin fara? Albashinmu bai fito ba, tiyar gero a kasuwa ta fi ƙarfin mai aiki, ina jego ina rage nawa kunun don Goggo ta samu. In ta mutu a hannunka, kada ka ce wa kowa fari ne ya kashe ta.

Ka dawo mini da ita.

Lubabatu

Gouna
Watan Yuli

Lubabatu,

Sallama saboda Allah ya ce a yi. Ba zan tambayi lafiyarki ba, mai irin wannan ƙarfin baki lafiyarta lau.

Na karanta takardarki a gona, na zauna a kan kunya na rasa abin da zan yi da hannuwana. Ni kike cewa na ci abincin uwata? Ni da na saida garmata da akuyar Shatu ban taɓa buɗe baki na roƙe ki ba?

Ƙwaryar da Mutari ya gani, bari in gaya miki abin da ke cikinta. Shatu za ta dama kunu, ta zuba mai, ta zauna da ludayi. Inna ta yi kurɓi uku ko huɗu da ƙyar, ta haɗiye ƙwayar, ta kau da kai. Abin da ya rage shi yara suke lashewa. A shekarar nan zubarwa zan yi? To tun da takardarki ta zo zubarwa nake yi. Kullum ina ɗaukar ƙwaryar in kai bayan danga in kife, Kulu tana biye da ni tana kallo. Ba ta kuka, kallo kawai take yi. Ki gaya wa direbanki in ya sake zuwa ya duba bakinsu da kyau.

Ga Inna nan na sa ta a mota, Shatu ta rako ta. Ga sauran geronki, ga sauran manki. Ga fatun maganin duka, kowane gurbi a huje, ki kai wa lokotoronki ya gani ko mun saida. Ba rana ɗaya da ta wuce ba ta sha ba. In maganin bai yi ba, ki tambayi wanda ya rubuta shi da wanda ya aiko shi.

Ni ba zan zo ba. Ruwa ya sauka, shuka ta fito, ciyawa tana tsere da ita, kuma ni kaɗai ne namiji a gidan. In na bar gonar nan, baɗi ma anza za mu ci. Ki riƙe uwata da kyau tunda ke kika fi son ta.

Sani

Kara-Kara
Tsakiyar Yuli

Sani,

Sun iso. Na yi arba'in, yanzu kullum ina asibiti da goyo a bayana. Da na ga Goggo ban gane ta ba sai da ta ɗaga hannu.

Zancen yara na janye, Shatu ta yi mini bayani. Amma kada ka yi saurin murna, don abin da kuka yi ya fi wancan muni.

Lokotoro ya duba fatun maganin, ya ce to an sha. Sai ya juya wurin Shatu ya ce ta faɗa masa yadda take ba ta, daki-daki. Ta ce, "Ina dama kunun tsamiya, in zuba mai, sannan in jiƙa kanwa in tsiyaya a ciki har tsamin ya mutu, sai in ba ta da ƙwayar."

Kanwa, Sani! Mutumin nan ya ajiye biro. Sannan ya yi mana bayani. Ƙwayar nan ba ta narkewa ta shiga jini sai ta tarar da tsami a ciki, dalilin tsamiyar ke nan. Ita kuwa kanwa aikinta kashe tsami, kowace mace ta san haka daga miyar yakuwa. Wato duk abin da Goggo ta sha wucewa ya yi kamar an jefa tsakuwa a rijiya. Maganin da aka ɗauko tun daga Yamai, wahalar haɗiyar da ta sha kullum, duk a banza, funfunar tana ta ci gaba da cin ta.

Na juya kan Shatu, ta fashe da kuka tana cewa wai mahaɗi ne. Ban bar ta ta ƙarasa ba, na ce ta rufe mini baki. Mahaɗin wa? Na rubuta tsamiya ko ban rubuta ba? Wane bokan ƙauye ne ya ba ku kanwa? Ku dai ba za a ba ku abu ku yi shi yadda aka ce ba, sai kun ƙara naku sanin.

Yanzu an kai inda ake gudu. Ba ta iya haɗiye ƙwaya ko da za a sake ba ta, don haka sun sa mata na jijiya, amfoterisin, wani ruwa rawaya da ake rataya mata kullum. In ya fara shiga sai jikinta ya ɗauki rawa har gadon ƙarfe yana ƙara, haƙoranta suna haɗuwa, mu danne ta da bargo a cikin wannan zafi. Suna ɗibar jininta suna duba ƙoda. Lokotoro ya ce ko maƙoshi ya buɗe kafin ƙoda ta gaji, ko ƙoda ta riga. Ka zauna da wannan a gonarka.

Lubabatu

Gouna
Ƙarshen Yuli

Lubabatu,

Sallama. Allah ya ba Inna lafiya.

Kafin ki karanta sauran, warware ƙyallen da na naɗe a cikin takardar nan. Shuɗi ne mai zanen ganye. Na san kin gane shi, yankin zanenki ne na Sallar bara.

Kin tambayi bokan da ya ba mu kanwa. Ga shi nan a hannunki. Da Mutari ya sauke kaya, gero yana buhunsa, mai yana kwalbarsa, tsamiya tana ledarta. Ƙulli ɗaya ne aka ɗaure da ƙyallen nan, kuma da muka kwance mun tarar da abu biyu: kwalayen magani da dunƙulen kanwa ungurnu mai kyau, irin wadda rabon kasuwar Gouna da ganin ta an daɗe.

Ke ma a gidan nan kika tashi. Tun kakanninmu, in mai magani ya miƙo maka ƙulli, abin da ka tarar a ciki tare da maganin shi ne mahaɗinsa, ba a tambaya. Ranar farko mun bi takardarki kawai, tsami ya ƙona ta har ta yi hawaye. Shatu ta ce, "Kai, ashe shi ya sa Yaya Luba ta haɗo da kanwa, don ta kashe kaifin." Har addu'a muka yi miki, muka ce mai ilimi ba ta manta komai ba. Na kuma rubuto miki cewa muna ba ta da mahaɗinsa yadda kika aiko. Ba ki tambaya ba.

Kin cika shafi biyu da zagi, ba ki samu layi ɗaya da za ki ce kanwar tsaraba ce ba.

Matata ta bar 'ya'yanta cikin yunwa tana kwana a simintin asibiti saboda Inna, kin ce ta rufe miki baki a gaban mutane. Ni na saba da bakinki tun muna yara. Ita ba taubashiyarki ba ce.

Sani

Kara-Kara
Ƙarshen Agusta

Zuwa ga Sani ɗan Goggo.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina gaida Kulu da ƙannenta. Yaya aikin gona? Mutari ya je sau uku bai kai maka komai ba, don duk takardar da na fara sai in yage.

Ƙyallena ne. Kanwar jegona ce, wadda maigidana ya sayo don kununa. Ranar da nake haɗa kayan na tuna Goggo ba ta rabuwa da ɗan gutsure a bakin zanenta, na san bana ba ta da shi, sai na fasa tawa biyu. Na sa ta cikin ƙullin magani don kada mai ya jiƙa ta a mota. Lokotoro ya ce tsami, na rubuta tsami, ban tambaye shi dalili ba, ni da nake dukan yara a lakwal in sun haddace abin da ba su gane ba. Har yau in na tuna sai in ji kamar in mari kaina.

Na durƙusa wa Shatu a gaban matan ɗakin nan duka, inda na ci mutuncinta. Ta ce ba komai. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Ga labarin da kake jira. Sun tsayar da ruwan sau ɗaya da ƙoda ta fara nuna gajiya, ƙafafunta suka kumbura, na ce shi ke nan. Suka bari ta huta, suka mayar. Ranar Juma'ar da ta wuce ina shan koko a gefen gado, sai ta miƙo hannu. Na ba ta ludayin ina jiran ta dafe ƙirji. Ta kurɓa, na ga maƙogwaronta ya hau ya sauka, ta sake miƙo hannu. Ta shanye ƙwaryar, Sani. Jiya ta ci tuwo mai laushi, har ta ce miyar ba gishiri.

Da ta samu murya na gaya mata komai, na ce ni ce na kusa kashe ta. Ta ce, "Ai tun ranar farko na gane ƙyallen, na kuma san kanwar jegonki ce. Ban san tana ɓata magani ba. Ni dai na ce tunda ban dama miki ba, bari mu sha tare. Ranar da Shatu ta manta ma ni nake tuna mata."

Na fita baranda na yi kukan da ban yi ba tun rasuwar Baba.

An ce za a sallame ta in ƙoda ta daidaita, kuma sai an riƙa kula da sukarin, in ba haka ba abin yana dawowa. Za ta zauna wurina har kaka, in ka yarda. Na ba Mutari gero, wannan na yara ne, kuma na rubuta a jikin buhun. Abin da Kulu ta gani a bayan danga ban san yadda zan biya shi ba. Ka yafe mini in za ka iya.

'Yar Kawunka,
Lubabatu

Gouna
Watan Satumba

Lubabatu,

Wa alaikumus salam. Alhamdu lillahi. Na karanta wa yara wurin da Inna ta ce miya ba gishiri, Kulu ta ce a sake karantawa.

Geron ya iso, sun ci. Kulu har yanzu in ta ga na ɗauki ƙwarya sai ta tashi ta biyo ni, don haka zancen yafiya ki ba ni lokaci. Inna ta zauna wurinki. Ki turo mini Shatu, wake ya fara nuna.

Gonar gabas ta yi. Ga tumu nan, na farkon da na karya bana. Ki gasa wa Inna, ki murje mata, in ga ko da gaske maƙoshin ya buɗe. In ta rage ki ci.

Ki zazzage buhun da kyau, metires. Tumu ne kawai, ban ɗaura komai a ciki ba.

Sani